Daga Kwarin Tennessee Zuwa Kanal ɗin Kura

Duk wanda ya fita daga Kano ta titin Zariya a tsakiyar hunturu, ya bar Na'ibawa da sauran unguwannin Kumbotso a baya, ya haye gadar Tamburawa, kafin ya isa Kura zai ga ƙasa ta sauya kama. Karan dawa da ƙura su ƙare, sai kore shar: alkama, tumatir, albasa, masara, ga ruwa yana tafiya a kanal ba injin da ke tura shi. Manomi ya tsuguna a bakin ƙaramin kanal, ya nutsa tiyo har ya cika, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya jefa cikin gona, ruwa ya kama zuba da kansa. Ruwan nan daga Tiga ya taso, ya biyo ta Ruwan Kanya, ya rabu gida biyu: reshe ɗaya ya nufi Bunkure, ɗaya ya yi Kadawa da Kura.

In aka tambayi dattawan yankin wa ya kawo musu wannan arziki, amsa ɗaya ce: Audu Bako. Kuma sun yi gaskiya, domin a zamanin mulkinsa aka gina dam ɗin Tiga, aka kammala a 1974. Sai dai tunanin da ke bayan aikin ya girmi Jihar Kano nesa ba kusa ba. Tunanin shi ne gwamnati ta tare kogi sukutum, ta kafa hukuma guda ta danƙa mata ruwan da ƙasar da ke gefensa, ta ce da wannan za a yaƙi talauci. A Amurka aka ƙera shi, tsakanin yaƙin basasarsu da Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin a kafa harsashin Tiga, injiniyoyin hukumar ban ruwa ta gwamnatin Amurka, Bureau of Reclamation, sun zo sun auna ruwa da ƙasar yankin Tafkin Chadi da kuɗin hukumar agajin Amurka, USAID, suka miƙa rahoto a 1968, kogin Kano yana cikin wuraren da suka nuna. Daga baya kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya zana aikin dalla-dalla.

Don haka tarihin Amurka na wancan zamani ya shafi mai noman rani a Kura kai tsaye. A cikinsa ake ganin abin da aka ɗauko, da abin da aka baro a can.

Amurkawa ba su fara da yarda gwamnati ta tsoma hannu a noma ba. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba duk magidancin da ya zauna ya nome fili shekara 5 eka 160 kyauta a yammacin ƙasar. Filin kuwa ba na banza ba ne, na 'yan asalin ƙasar ne da aka kora da bindiga da yarjejeniyoyin da aka yi ta karyawa. A 1869 aka haɗe layin dogo daga gabas zuwa yamma, mutane suka yi ta kwarara. Kowa ya ɗauka da garma da ƙwazo an gama magana.

Mutum ɗaya ya ce ba haka ba ne. John Wesley Powell, tsohon soja da ya rasa hannun dama a yaƙi, wanda ya bi kogin Colorado a kwalekwale a 1869, ya rubuta wa majalisa rahoto a 1878. Ya ce yawancin yammacin Amurka ba ya samun ruwan sama da ya wuce inci 20 a shekara, wato wajen milimita 500, ƙasa da abin da Kano ke samu a damina matsakaiciya. A irin wannan ƙasa, in ji shi, mai ruwa shi ne mai gona, don haka a shata iyakokin mulki bisa bin koguna, manoma su riƙe ruwan a ƙungiyance. 'Yan siyasa da masu dillancin filaye suka yi biris da shi. Kamfanoni masu zaman kansu suka haƙa kanal, fari ya zo a ƙarshen shekarun 1880, tattalin arziki ya karye a 1893, yawancinsu suka durƙushe.

A daidai wannan lokaci masana'antu suna bunƙasa yadda duniya ba ta taɓa gani ba. Carnegie ya riƙe ƙarfe, Rockefeller ya riƙe man fetur, kamfanonin jirgin ƙasa suka riƙe wuyan manomi, domin su ke yanka kuɗin dako, sau da yawa kuma rumbunan ajiyar hatsin da ke tasha suna hannunsu ko hannun abokansu. Wanda ya taɓa tsayawa da kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, rana tana dukansu, dillali yana taya masa abin da ya ga dama, ya san halin da manomin Kansas yake ciki. Bambancin shi ne manoman can sun mayar da kukansu siyasa. Suka kafa ƙungiyoyi, suka matsa har aka yi dokar sa ido kan kuɗin dakon jirgin ƙasa a 1887, da dokar hana babakere a 1890, suka tsayar da nasu ɗan takarar shugaban ƙasa a 1892 wanda ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 1.

Daga wannan guguwa dokar ban ruwa ta 17 ga Yuni, 1902 ta fito, a zamanin Theodore Roosevelt. Sharuɗɗanta sun cancanci a tsaya a kansu. Gwamnatin tarayya za ta gina dam da kanal a jihohi da yankuna 16 na yamma. Ba wanda zai sami ruwa a kan fiye da eka 160, kuma sai yana zaune a gonar ko kusa da ita. Manoma za su biya kuɗin ginin cikin shekara 10 ba ruwa a kai. In sun biya kaso mai tsoka, ragamar kanal ta koma hannun ƙungiyarsu. A kwarin kogin Salt da ke Arizona, manoma sun kafa ƙungiyar masu amfani da ruwa tun 1903, suka jinginar da gonakinsu, aka gama dam ɗin a 1911, a 1917 aka miƙa musu aikin. Ƙungiyar tana nan har yau.

Maganar biya kuwa ba ta tafi yadda aka rubuta ba. Manoma suka kasa, aka ƙara wa'adin zuwa shekara 20 a 1914, aka mayar da shi 40 a 1926. Wannan yana da muhimmanci ga masu cewa manomin Kadawa ne kaɗai ba ya son biyan kuɗin ruwa. Ko a ƙasar da aka ƙirƙiro tsarin, kuɗin amfanin gona shi kaɗai bai taɓa biyan babban dam ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara dagula lissafi. Turai na buƙatar abinci, gwamnatin Amurka ta tsayar da farashin alkama sama da dala 2 a kan ma'aunin bushel, wanda bai kai kilo 30 ba. Manoma suka ci bashi, suka sayi tarakta, suka kafce makiyayar da ciyawarta ke riƙe ƙasa. Yaƙi na ƙarewa farashi ya faɗi a 1920, bashi ya tsaya. Saboda haka manomin Amurka ya riga kowa shiga matsi, shekara 9 kafin kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoban 1929. Zuwa 1932 alkamar ba ta kai santi 50 ba. A 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aiki. Girgizar ta iso har Kano, inda farashin gyaɗa ya zube, haraji kuwa sai an biya shi da kuɗi. Sannan fari ya sauka a filayen da aka kafce, iska ta kwashe ƙasar noman. Ranar 14 ga Afrilu, 1935 ƙura ta rufe sama a Oklahoma da Texas har rana ta koma kamar dare.

Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya bar wani gado a bakin kogin Tennessee. A Muscle Shoals da ke Alabama gwamnati ta fara gina dam a 1918 don samar da lantarkin haɗa sinadarin albarushi. Yaƙi ya ƙare ba a gama ba. Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya taya wurin dala miliyan 5 a 1921, abin da bai kai ko kusa da kuɗin da aka kashe ba. Sanata George Norris na Nebraska ya tsaya kai da fata ya ce kogi na jama'a ne, ba za a sayar wa mutum ɗaya ba. Sau biyu majalisa na amincewa da ƙudirinsa na gwamnati ta riƙe wurin, sau biyu shugabanni suna ƙin sa hannu: Coolidge a 1928, Hoover a 1931. Sai da Franklin Roosevelt ya hau mulki da shirinsa na New Deal, ranar 18 ga Mayu, 1933, aka kafa Hukumar Kwarin Tennessee, wadda duniya ta sani da TVA.

Ita ce kakar duk hukumomin raya koguna. Yankin da aka ba ta ya taɓa jihohi 7, kuma yana cikin mafi talauci a Amurka: zaizayar ƙasa, zazzaɓin cizon sauro, ambaliya kusan kowace shekara. Aikin hukumar ya haɗa da hana ambaliya, buɗe wa jiragen ruwa hanya, samar da lantarki mai araha, dasa itatuwa, da koya wa manoma gyaran ƙasa. Masana'antar albarushin Muscle Shoals aka juya ta koma ta binciken takin zamani, ana raba takin ga manoman da suka yarda maƙwabta su zo su ga yadda gonarsu ta yi.

Abin da masu kwaikwayo suka fi mantawa shi ne dam bai zo shi kaɗai ba. A shekarar da aka kafa TVA aka yi dokar tallafa wa farashin amfanin gona. Akwai bankunan ba manoma bashi tun 1916. Akwai jami'o'in noma da aka ba filaye tun 1862, da malaman gona a gundumomi tun 1914. A 1935 aka kafa hukumar kai lantarki karkara, lokacin gona ɗaya cikin goma ce ke da wuta. Manoma suka haɗu a ƙungiyoyin gama kai, suka karɓi rance, suka kafa turaku da kansu, zuwa farkon shekarun 1950 kusan tara cikin goma sun samu. Kuɗin manyan dam kuwa daga lantarki yake fitowa. Dam ɗin Hoover, mai tsayin mita 221, da aka gina tsakanin 1931 da 1936, da wutar da ake sayar wa birane irin su Los Angeles aka biya shi.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya shanye duk wutar da ake cewa ta yi yawa. Lantarkin TVA da na dam ɗin Grand Coulee ya narka alminiyon da aka ƙera dubban jiragen yaƙi, ya kuma ciyar da Oak Ridge da Hanford, inda aka sarrafa sinadaran bam ɗin nukiliyar da aka jefa wa Japan a 1945. Yaƙin ne ya kawo ƙarshen rashin aikin yi, ya ja 'ya'yan manoma zuwa masana'antu. Talaucin kwarin Tennessee ya ragu ne a lokacin da mutane da yawa suka sami abin yi a wajen gona, kuma wannan gaskiya ce da ba kasafai ake faɗa wa baƙi masu zuwa kallon dam ba.

Akwai kuma waɗanda aikin ya taka. Dam ɗin Norris na TVA, wanda aka gama a 1936, ya tashi kusan iyali 3,000, har kaburbura aka tone aka sauya musu wuri. Mai fili ya karɓi diyya, mai noman haya bai sami komai ba. Tallafin rage noman auduga ya shiga aljihun masu manyan gonaki, su kuma suka kori masu noman rabo, da yawansu baƙaƙen fata. Grand Coulee ya toshe hanyar kifin da ƙabilun Colville da Spokane suka dogara da shi tun kaka da kakanni. Iyakar eka 160 kuwa manyan masu gonaki a California suka yi ta zagaye ta, har majalisa ta ɗaga ta zuwa eka 960 a 1982. Kogin Colorado a yawancin shekaru ba ya kaiwa teku, ana shanye shi a hanya.

Bayan yaƙi, TVA ta zama hajar da Amurka ke tallatawa. David Lilienthal, ɗaya daga shugabanninta, ya rubuta littafi a 1944 yana cewa tsarin zai yi aiki a kowane kogi a duniya, Shugaba Truman kuma ya sanar da shirin tura ƙwararru ƙasashe masu tasowa a 1949. Indiya ta kafa tata hukumar a kwarin Damodar a 1948. Ghana ta gina Akosombo, aka gama a 1965, kamfanin alminiyo na Kaiser ya zama babban mai sayen wutar. Najeriya ta gina Kainji, aka gama a 1968. Da fari ya yi ɓarna a farkon shekarun 1970, kuɗin man fetur kuma ya shigo, sai gwamnatin soja ta kafa hukumomin Tafkin Chadi da Sakkwato-Rima a 1973, a 1976 ta raba ƙasar ga hukumomi 11. Ta Haɗeja-Jama'are ta karɓi Tiga da aikin kogin Kano daga hannun jiha.

To me ya iso Kura, me ya maƙale a hanya?

Dam ya iso, wanda aka gina don ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Kanal ya iso, kuma zanensa abin yabo ne, tun da gangare kawai yake bi, ba ya neman man dizil. Wani ɓangare na ilimin ma ya iso: Jami'ar Jihar Kansas, ɗaya daga jami'o'in noman nan na farko, ta taimaka wajen gina tsangayar noma da ta likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, cibiyar binciken noma ta Samaru kuma tana da tashar gwaji a Kadawa. An tsara hekta 22,000 a zangon farko, aka gyara wajen 15,000. Ba wanda zai ga kasuwar shinkafar Kura, da matan da ke turara ta, da injinan casa, da tireloli masu lodin tumatir zuwa Legas, ya ce aikin bai sauya rayuwar mutane ba.

Amma lantarkin da ya biya kuɗin dam a Amurka bai zo tare da Tiga ba. Kusan shekara 40 ruwa yana fita ta ƙofar dam ɗin kafin gwamnatin jiha ta fara aikin saka injinan megawat 10. Masana'antun Challawa da ke Kumbotso, waɗanda ya kamata su zama kasuwar wuta da ta amfanin gona, sun dogara ne da babbar tashar rarraba lantarki ta Kumbotso, mai karɓar wuta daga nesa, da kuma janareto. Hukumar kogi ta tsaya tana jiran kasafin kuɗi daga Legas, daga baya Abuja. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, laka da kachala suka cika kanal, manomin da ke ƙarshen layi ya koma sayen injin ban ruwa da fetur.

Ikon manomi ma bai zo ba. A Arizona ƙungiya ta riga dam. A nan an zo da taswira, aka tashi dubban mutane daga inda tafkin Tiga ya kwanta, aka baje gonaki aka sake rabawa, aka ce a shuka alkama. Alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba don ta sha sanyin hunturu, a lokacin kuwa dawa ba ta bar gona ba, kuma ba magidancin da zai sare abincin gidansa saboda umarnin ofis. Binciken da Tina Wallace ta yi a ƙauyukan aikin a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna yadda ƙaramin manomi, da ya kasa kuɗin taki da tarakta da ƙwadago, yake ba da gonarsa haya ga 'yan kasuwa da ma'aikatan birni. A aikin ban ruwa na Bakolori, inda rikicin diyya ya fi zafi, 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta a Afrilun 1980. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu.

Alkamar kanta da tarihin Amurka take tafe. Tallafin da ya faro a shekarun 1930 ya tara musu rarar hatsi, dokar 1954 ta buɗe hanyar tura shi ƙasashen waje da rahusa, injinan fulawa suka kafu a Apapa a farkon shekarun 1960, burodi ya zama karin kumallon birni. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi a kan wannan tarko a 1985. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, manoman Kadawa suka ɗan ji daɗi, a farkon shekarun 1990 aka ɗage haramcin. Manomin Kura yana gasa ne da manomin Kansas wanda baitulmalin ƙasarsa ke tsaye a bayansa, shi kuwa ba tabbacin farashi ko na kaka ɗaya. Haka abin yake a tumatir. Kamfanin Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya markaɗa tan 1,200 a rana, ya yi ta tsayawa saboda ƙarancin kaya da rashin daidaito kan farashi, a shekarar farko kuma tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye gonaki.

Laifin da aka kwafo ba ragi shi ne mantawa da na ƙasan kogi. Bayan Tiga, aka ƙara dam ɗin Challawa a 1992. Ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru duk shekara ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba kachala damar toshe hanyoyin ruwa. Masunta da makiyaya da masu noman shinkafar fadama a Jigawa da Yobe su suka biya wannan kuɗi. Masana irin su Edward Barbier da William Adams sun lissafa a farkon shekarun 1990 cewa amfanin da ake samu daga ruwa a fadamar, in aka haɗa kifi da itace da noma, ya zarce wanda ake samu daga ruwa daidai wannan a aikin kogin Kano. Ba hujjar rushe Tiga ba ce, amma ya isa ya sa duk mai maganar faɗaɗa aikin ya fara zama da mutanen ƙasan kogi irin na Gashuwa.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING, wanda ya haɗa da gyaran kanal a aikin kogin Kano da Bakolori da kwarin Haɗeja. Ginshiƙin shirin shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: manoman kowane sashe su zaɓi shugabanninsu, su tara kuɗin ruwa, su riƙe wani kaso, su yashe ƙananan kanal da kansu, hukuma ta tsaya a dam da babban kanal. Shawarar Powell ce ta 1878, wadda manoman kogin Salt suka aiwatar a 1903, ta iso Bunkure da Garun Malam da Kura shekaru da yawa bayan ruwan. Ƙarfin ƙungiyoyin zai bayyana ne a kan abubuwa ƙanana masu wuya: ko za su iya hana mai gonar bakin kanal fasa gini ya sha ruwan na bayansa, ko attajirin da ya karɓi hayar eka 50 zai biya kuɗin ruwa kamar mai eka ɗaya, da kuma ko za a ba su kujera a teburin da ake yanke ranar buɗe Tiga da ranar rufe ta.